Wa Ke Riƙe Da Makarantun Firamaren 'Ya'yanmu? Jawabin Sakataren Ƙungiya A Taron Iyayen Yara, Sabo, Ibadan



Mai martaba Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, iyayenmu malamai, shugaban ƙungiya da 'yan kwamiti, iyayenmu mata da ke zaune can ta baya, matasa, da sauran jama'a baki ɗaya, ina yi maku barka da zuwa. Shugaba ne ya umurce ni da in yi bayani a kan yadda ake tafiyar da makarantun firamare na gwamnati a wannan ƙaramar hukuma tamu ta Ibadan ta Arewa, da kuma ko 'ya'yanmu suna samo abin da muke tura su nema. Na ce masa ga 'yan boko nan cike da unguwa, me ya kai ka ɗauko ni? Ya ce su Turanci zai yi masu yawa. To kun dai san ni, ban yi firamare ba. Sai da na haifi 'ya'ya biyu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, da dare, bayan an tashi daga kasuwa. Saboda haka in na yi tuntuɓe a gyara mini. Abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga takardun doka da yaranmu masu karatun lauya suka zauna suka fassara mini, da kuma yawon ofisoshi da aikin sakatare ya sa ni.

Bari in fara da abin da ya faru a gidana, don kada wani ya ce da shi nake. Autana yana aji huɗu ya kawo mini takardar sakamako, ya zo na biyar a ajinsu. Na yi murna har na saya masa takalmi. Bayan 'yan kwanaki wani direba ya kawo mini takardar kaya, tabarauna ba ya kusa, sai na miƙa wa yaron na ce karanta mini. Ya riƙe takarda yana kallo. Sunan kowane harafi ya sani, amma ya haɗa su su zama kalma, abin ya gagara. Na ɗauko littafin 'yan aji biyu na ba shi, nan ma haka. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Washegari na saɓa riga na tafi makarantar da niyyar yin faɗa. Malamar ajin, wata Bayarbiya mai haƙuri, ta ba ni kujera, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, Baba, shekara huɗu ke nan yaron nan yana makarantar nan, yau muka fara ganin fuskarka. Jama'a, faɗan da na je da shi a nan ya mutu. Ta buɗe mini ajin na ga yawan yaran da take fama da su ita kaɗai. Ta ce ƙarin malami ba a hannunta yake ba, ba kuma a hannun hedimasta yake ba. Tun ranar na shiga tambaya, to a hannun wa yake?

Ga yadda abin yake. Hedimasta shi ne mai kula da makaranta, amma shi ma yana da ubangida. Kowace ƙaramar hukuma tana da ofishin ilimi nata, wanda can Arewa muka saba kira L.E.A., shugabansa kuwa shi ne sakataren ilimi. Ba zaɓarsa ake yi ba, naɗa shi ake yi. Wannan ofishi shi ke riƙe da lissafin makarantu da malamai da yara na yankinsa, shi ke tura masu duba makarantu, ta hannunsa maganar canjin malamai da ƙarancinsu take bi, shi ke kai buƙatu sama. Jihar Oyo tana da ƙananan hukumomi 33, kowace da irin wannan ofishi, 11 daga ciki a ƙasar Ibadan suke. Mu mutanen Sabo da na Mokola da na Bodija muna ƙarƙashin Ibadan ta Arewa, wadda aka ƙirƙiro a 1991. 'Yan'uwanmu na Sasa da Ojoo kuwa ƙarƙashin Akinyele suke. Na faɗi wannan ne don na sha ganin mutum ya ɗauki kukansa ya kai ofishin da ba nasa ba, a ce masa ba nan ba ne, ya dawo yana cewa an kore shi don shi Bahaushe ne.

Sama da ofishin ƙaramar hukuma akwai hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, wato SUBEB, wadda ke ɗaukar malamai, ta ba da kwangilar gina azuzuwa, ta raba benci da littattafai. Sama da ita kuma akwai ta tarayya a Abuja, wato UBEC. Dokar 2004 ta ce a ware wa ilimin bai ɗaya aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin babban asusun gwamnatin tarayya. Amma kuɗin gine-gine ba a miƙa wa jiha shi haka nan, sai ta ajiye nata daidai da shi tukuna. Jihar da ta ƙi ajiyewa, kuɗinta sai ya yi ta kwana a Abuja alhali yara suna zaune a ƙasa, kuma an sha samun jihohi da yawa a wannan hali, na Kudu da na Arewa. Albashin malaman firamare kuwa, shekara da shekaru daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Kun ga ke nan makaranta ɗaya iyayen gida uku. Shi ya sa in rufi ya yaye, kowa sai ya nuna ɗan'uwansa.

Wannan jefa-jefa ba yau aka fara ba. A nan Yamma Cif Obafemi Awolowo ya fara ilimin firamare kyauta a watan Janairun 1955, yaran da ke makaranta suka tashi daga wajen 457,000 zuwa wajen 811,000 cikin shekara guda. A lokacin Sabo ta kusa shekara arba'in da kafuwa, tunda a 1916 aka yanka ta, amma iyayenmu da yawa ba su tura 'ya'yansu ba. Ba na zarginsu, suna da dalilinsu, zan zo kansa. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta kawo U.P.E. ga ƙasa baki ɗaya. A 1988 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar firamare ta ƙasa, a 1991 ta rushe ta ta miƙa wa ciyamomi komai. Manyan cikinku za su tuna abin da ya biyo baya: malamai suka yi watanni ba albashi, yajin aiki ya zama ruwan dare, har sai da aka dawo da hukumar a 1993. Sannan a ranar 30 ga Satumba 1999 aka ƙaddamar da shirin U.B.E. a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004. A ƙarƙashin wannan doka muke.

To me dokar ta ce game da mu da ake kira baƙi? Ta ce wajibi ne kowace gwamnati a Nijeriya ta ba kowane yaro ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta, shekara tara ke nan. Kowane yaro ta ce, ba ta ce ɗan asalin jiha ba. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tauye wa ɗan ƙasa wani abu saboda ƙabilarsa ko garin asalinsa ko addininsa, sashe na 41 kuma ya ba shi ikon ya zauna duk inda ya ga dama a ƙasar nan. A da in an kai ƙara gwamnati takan ce maganar ilimi kyauta buri ne kawai da tsarin mulki ya ambata, ba abin da kotu za ta tilasta ba ne. A 2017 babbar kotun tarayya da ke Abuja ta yanke cewa tunda majalisa ta riga ta yi dokar 2004, to ya zama haƙƙin da ake iya nema a gaban alƙali.

Saboda haka takardar indijin ba ta da hurumi a ƙofar makarantar firamare. Na san tana cutar da mu a wasu wurare. Yaron da aka haifa a Sabo, aka haifi ubansa da kakansa a Sabo, in ya zo neman tallafin karatu ko aikin gwamnati sai a ce ya tafi Kano ko Katsina ya karɓo takarda a garin da bai taɓa kwana ba. Wannan ciwo ne na daban, kuma ƙungiya ba ta daina magana a kansa ba. Amma shiga aji ɗaya, abin da ya kamata ka riƙe shi ne takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. An taɓa kawo mini kukan wani bawan Allah da aka ce da shi a wata makaranta sai ya kawo takardar asali. Ba zan faɗi makarantar ba, ba ma a yankin nan take ba. Muka je mu biyu, muka yi sallama, muka ce don Allah a rubuta mana wannan sharaɗi a takarda a sa hannu, za mu kai wa sakataren ilimi. Ba a rubuta ba. Ranar aka sa yaron a rajista. Ba mu ɗaga murya ba, ba mu tara jama'a ba.

Haka maganar kuɗi. Dokar ta lissafa abin da ya kamata a samu kyauta, har da littattafai da kayan koyarwa da aji da wurin zama. Wanda ya karɓi kuɗin makaranta a hannun yaro, tarar da ke kansa ta kai naira 10,000 ko ɗaurin wata uku ko duka biyun. A jihar nan kuma Gwamna Seyi Makinde, ranar da aka rantsar da shi, 29 ga Mayu 2019, ya soke naira 3,000 da ake karɓa a shekara a hannun 'yan sakandaren gwamnati. Don haka duk wanda aka ce ya kawo wani kuɗi, ya tambaya na mene ne, wa ya yanke shi, a kuma ba shi rasit. In iyaye ne suka zauna suka yarda za su haɗa kuɗin gyaran rijiya, wannan daban, amma ba a korar yaro daga aji a kansa.

Sai dai wuƙar nan baki biyu gare ta. Dokar da ta ɗaure gwamnati ita ta ɗaure uba. Wanda ya ƙi sa ɗansa makaranta, karo na farko gargaɗi ne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, in ya sake naira 5,000 ko wata biyu. Na san wasu za su yi dariya su ce wannan ai kuɗin kati ne, kuma wa aka taɓa kamawa? Gaskiya ne. Amma ranar da muka je ofis muna karanto masu sashen da ya yi mana daɗi, su ma sun san ɗayan sashen, kuma sun san yawan yaranmu da ke yawo tsakanin motoci da ƙarfe goma na safe. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni hankalinku, don nan ne gizo ke saƙa. Ofishin ilimi ba ya ganin yaro, lamba yake gani. Kowace shekara ana ƙidayar makarantu: yara nawa, maza nawa, mata nawa, malamai nawa, azuzuwa nawa, benci nawa, ban ɗaki nawa. Da wannan lissafi ake duba inda za a tura malami da inda za a yi gini. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Yaron da ba ya cikin rajista, a idon gwamnati babu shi, ko da kuwa unguwa ta cika ta batse da irinsa. Mu kuma ga ɗabi'armu. A sa yaro a watan Satumba, kafin Disamba an tafi da shi gida biki ko ganin kaka, a yi wata uku, a dawo ba a gaya wa kowa ba. Wani a sa shi da suna Sani Garba, baɗi a mai da shi wata makaranta da suna Sani Abubakar, takardu su rikice. Wata yarinyar sunanta na rajista amma ita tana Bodija da farantin talla, sai ranar jarrabawa a gan ta. Dukanmu nan 'yan kasuwa ne. Wane ne a cikinku zai ɗora huhun goro a mota bai ƙirga ba, bai rubuta ba, bai kuma buga waya ya ji ko ya sauka lafiya ba? To huhun goro ya fi ɗa ne?

Bayan lamba sai kujera. Tun wajen 2006 majalisar ilimi ta ƙasa ta amince kowace makarantar gwamnati ta kasance da kwamitin gudanarwa na jama'ar unguwa, wanda ake kira SBMC. Ba shi ne P.T.A. ba. P.T.A. ta iyaye ce da malamai kawai. Shi wannan kwamiti ya haɗa hedimasta, wakilan malamai, wakilan iyaye, na mata, na sarauta, na addini, na tsofaffin ɗalibai, na masu sana'a, har da wakilan yaran kansu. Aikinsa ya tsara abin da makaranta ta fi buƙata, ya sa ido a kan zuwan malamai da na yara, ya bi sawun duk kuɗin da ya shigo, ya kai kuka ofishin ilimi da sunan makaranta. Akwai ma tallafin gyare-gyare da hukumar Abuja takan bayar ta hannun irin waɗannan kwamitoci kai tsaye. Ba a tambayar takardar asali kafin a zauna a wannan kujera. Abin da ake tambaya shi ne wa ya zo ranar taro. Ni kaina an sha aiko mini da takardar gayyata ta hannun yaro, ina ganin Turanci ne ko Yarbanci sai in cusa ta ƙarƙashin tabarma. Aka zauna ba mu, aka yanke ba mu, sannan muka zo majalisa da yamma muna cewa an ware mu. Wani lokaci da gaske an ware mu ɗin, ba na musu. Amma sau da yawa kujerar tana nan, ƙura ce a kanta.

Wani zai ce ba ya jin Turanci. To Yarbanci fa? Wanda ya iya cinikin saniya da Yarbanci har ya ci riba, ya iya cewa rufin aji uku yana yoyo. Iyayenmu mata ma sun fi mu wannan, don su ke hulɗa da maƙwabta kullum, su kuma suka san yaron da ya fita da safe da wanda ya maƙale. Ina roƙon mazaje, in an zo zaɓen wakilan mata kada a ce ba za su fita ba. Su tafi su biyu ko uku tare, da rana tsaka ake yin taron, a cikin makaranta.

Na ce zan dawo kan dalilin iyayenmu. Tsoronsu shi ne a canza wa yaro addini, don galibin makarantun wancan zamani na mishan ne. Har yau za ku ga makarantar gwamnati da sunan coci ko na wata ƙungiyar Musulmi a allonta, saboda gwamnati ta karɓe su ne a shekarun 1970 ta bar masu sunayensu. Wannan tsoro ba mu kaɗai muka ji shi ba. Musulmin Yarbawa sun ji shi kafin mu, sai suka kafa ƙungiyar Ansar-ud-Deen a Ikko a 1923 suka shiga gina makarantu, ga jikokinsu nan yau su ne likitoci da alƙalai. Yanzu kuma sashe na 38 na tsarin mulki ya ce ba a tilasta wa ɗalibi karatun addini ko ibadar da ba tasa ba, ko wadda iyayensa ba su yarda da ita ba. A watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata ikon sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas. In wani abu irin wannan ya taso, a zo a gaya wa ƙungiya mu bi shi da takarda. Kada a cire yaro daga makaranta a zauna ana fushi, don wanda ya yi asara yaron ne.

To ta yaya za mu gane makaranta tana aiki? Ni dai na daina yarda da fenti, na kuma daina yarda da na biyar a aji. Na biyar a cikin su wa? Wani babban bincike da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya gano cewa a cikin yaran Nijeriya 'yan shekara 7 zuwa 14, wajen ɗaya cikin huɗu ne kawai ke iya karanta ɗan gajeren labari ya gane abin da ya karanta, lissafi ma kusan haka. Wato abin da ya sami autana ba shi kaɗai ba ne, kuma ba don shi Bahaushe ba ne. Ana ciyar da yara gaba aji zuwa aji ko sun iya ko ba su iya ba, sai an je sakandare asiri ya tonu, a lokacin kuwa yaro ya girma, kunya ta hana shi tambaya, sai ya gudu ya kama acaba.

Yaranmu kuma suna da wani nauyi na ƙari. A gida Hausa, a titi Yarbanci, a allo Larabci, a littafi Turanci. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa ko na yankin da suke, a watan Nuwamban 2025 kuma ta soke wannan ta ce a koma Turanci. Ko wanne aka bi, ɗan Sabo ba da harshen gidansu ake fara masa ba. Wanda ya tashi a nan yana wasa da 'ya'yan maƙwabta, da sauƙi. Wanda aka kawo daga gida yana ɗan shekara takwas, sai ya yi shekara guda a aji kamar kurma. Wannan magana ce da kwamitin makaranta zai iya ɗauka ya kai ofishin ilimi: a cikin malaman da ake da su, in akwai mai jin Hausa a turo shi makarantun da yaranmu suka fi yawa, ko da aji ɗaya da aji biyu ne. A nan ma akwai namu laifin. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce N.C.E. Yaranmu nawa muka tura kwalejin horon malamai? Ga ta nan a garin Oyo, ba nisa. Kowa so yake ɗansa ya zama ɗan canji.

Abubuwan da uba zai duba ba su buƙatar boko mai zurfi. Buɗe littafin rubutun yaro ka ga yaushe rabon da jan biro ya taɓa shi. Tambaye shi yau malami nawa suka shigo. Bi ta ƙofar makarantar da ƙarfe tara ka ji ko karatu ake yi ko hayaniya. Duba ko akwai ban ɗaki mai ƙofa, don 'ya mace in ta fara girma rashin wannan kaɗai ya isa ya zaunar da ita a gida. In kuma kai ma ba ka iya karatun ba, kamar yadda na kasance, sa yaron ya karanta a gaban wani da ya iya. In kana da ƙarfin hali ka zo ajin dare, har yanzu muna yi, ba wanda zai yi maka dariya.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mu sa wa ido. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Jama'a sun yi murna, ko da yake bayan hukuncin an yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa. Amma ƙungiyar malamai ta ƙasa ta nuna damuwa, don ba ta manta da 1991 ba. Kuma a 2025 mun ga misali a Abuja, inda malaman firamare suka yi yajin aiki tun daga Maris har Yuli, fiye da wata uku, saboda rikicin albashi tsakaninsu da ƙananan hukumomin birnin. 'Ya'yan masu hali suna makarantun kuɗi ba abin da ya dame su, 'ya'yan talakawa suna gida. Duk ranar da kuɗin makaranta ya dawo hannun ciyaman da kansiloli, to ƙuri'armu ta ƙaramar hukuma ta ƙara daraja. Mu kuwa mun fi fita zaɓen shugaban ƙasa, wasunmu ma katinsu na can gida. Wanda zai gyara rufin ajin ɗanka ba a Abuja yake ba, ofishinsa na nan Agodi. In ɗan takara ya zo Sabo neman ƙuri'a, kafin a karɓi atamfa da shinkafa a tambaye shi malamai nawa ne a makarantun mazaɓar nan, nawa suka yi ritaya, nawa aka maye.

Muna kuma da ikon tambaya a rubuce. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ce in ka rubuta wa ofishin gwamnati kana neman bayani, a ba ka amsa cikin kwana bakwai, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta ce dokar ta hau kan jihohi ma. Ba nufinmu faɗa da kowa ba ne. Ma'aikatan ofishin nan da yawansu mutanen kirki ne, wasu ma sun ce da ni takardar jama'a tana taimakonsu, don in sun kai kuka sama su kaɗai ba a ji, amma in da sa hannun unguwa a kai sai a duba.

Ga abin da kwamiti ya yanke a zamansa, mai martaba kuma ya sa albarka. Daga gobe matasa za su bi gida-gida su rubuta kowane yaro daga shekara 5 zuwa 15, har da almajiran da ke hannun malamanmu, da makarantar da yake in yana zuwa, da ajinsa. Don Allah a ba su haɗin kai, ba lissafin haraji ba ne, littafin a hannuna zai zauna. Wanda ɗansa ba shi da takardar haihuwa ya faɗa, za mu haɗa su mu tafi rana ɗaya. Kowace makaranta da yaranmu ke zuwa muna son mutum biyu, namiji da mace, da za su je wurin hedimasta su gabatar da kansu, su tambayi su wa ke cikin kwamitin makarantar da ranar zamansa na gaba. Wanda zai tafi gida da yaro a tsakiyar zangon karatu ya biya ta makaranta ya faɗa, in kuma tafiyar ta zama ce ya karɓi takardar canjin makaranta. Littattafan aji biyu da muka saya guda ashirin suna wurin ma'aji, kowane maigida ya ara na kwana biyu ya gwada 'ya'yansa, ya dawo ya gaya mana abin da ya gani, don da shi za mu rubuta takardarmu ta farko zuwa ga sakataren ilimi. Ni kuma ina ofishin ƙungiya kowace Asabar bayan la'asar, mai takardar da yake so a karanta masa ko a rubuta masa ya same ni a can.

Masu son ba da sunansu na wakilci su tsaya bayan addu'a. Malam, bismillah.